Kumfar Feshi a Ƙarƙashin Kwano: Wa Zai Riƙe Bindigar?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da atamfa a Kasuwar Dole. Bara na gama gida a Garin Malam, ɗaki huɗu da falo, ginin bulo da rufin kwano, ban sa silin ba tukuna. Bazarar da ta wuce mun sha azaba. Tun hantsi ɗakunan sai ka ce tanda, ga mahaifiyata ta tsufa, ba ta iya kwanan tsakar gida kamar mu. Wani ya nuna min hotuna a wayarsa na wata kumfa da ake fesawa a cikin kwano, ta kumbura ta daskare, ya ce tana kashe zafi ƙurmus. Ya ce yini ɗaya zai gama, ba sai mun fitar da kaya ba, da magariba mu shiga mu kwanta. Yana son rabin kuɗi kafin ya zo. Autata tana da fuka. In ba shi?

*Mai karatu daga Garin Malam, Damagaram*

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya sa albarka a gidan, ya ƙara wa Hajiya lafiya. Kar ka ba shi ko dala, aƙalla ba yanzu ba.

Kumfar ba ƙarya ba ce, tana tare zafi, na gani da idona. Abin da ya tayar min da hankali a wasiƙarka shi ne maganar kwana a ɗakin a daren da aka fesa, ga tsohuwa, ga yarinya mai fuka. Wanda ya faɗi haka ko dai bai san abin da ke cikin tanonsa ba, ko ya sani ya rufe ka. Ko wanne ne, ba shi zan ba tsani ya hau rufin uwata ba.

Siminti da kwano da ƙarfen da ka saya, an gama yinsu tun a masana'anta kafin su iso Damagaram, magini jerawa kawai ya yi. Kumfar nan ba haka take ba. Ruwa biyu ne a tano biyu. Ɗaya ana ce masa isosayanet, ɗayan foliyol, wanda aka cakuɗa da magungunan da ke sa shi tashi da saurin kamawa. Inji ne ke ɗumama su, ya turo su ta tiyo biyu da ƙarfin gaske, ma'auni ɗaya na wannan da ma'auni ɗaya na wancan, ba sa haɗuwa sai a bakin bindigar feshi. Cikin ƴan daƙiƙu su yi zafi, su kumbura, su zama soso mai tauri. Ke nan masana'antar a saman gadonka za a kafa ta, kuma mai riƙe da bindigar shi ne injiniyanta, shi ne mai duba ingancin kayanta. Asalin abin tsoho ne: wani Bajamushe, Otto Bayer, ya gano haɗin a 1937, kuma katifar soso da muke kwana a kai ƴar gidansu ɗaya ce. Sai dai katifa a can nesa aka dafa ta, ta huce, ta sha iska kafin ta iso kasuwa.

Isosayanet ɗin nan shi ne mugun. Yayin feshi yana tashi a iska kamar hazo, kuma yana cikin manyan abubuwan da ke jawo wa ma'aikata fuka a duniya. Halinsa ne mai ban tsoro: jiki na iya jure shi yau da gobe, rana ɗaya ya ƙi shi, daga nan kuma ko ɗan burɓushi mutum ya shaƙa sai ƙirji ya kulle. Shi ya sa masu yin kayan suke cewa kowa ya bar gidan lokacin aiki, kar a dawo sai bayan awa 24 da ƙofofi a buɗe da fanka na fitar da iska, wasu kayan ma har kwana uku. Wannan ga mai lafiya ke nan. Autarka da Hajiya, ni da zan ce su yi mako a gidan ƴan'uwa, kuma kai ka fara shiga da safe bayan ɗakin ya kwana a rufe, ka ja numfashi. In hancinka ya ji wani abu, tukuna. Kaya kuwa a fitar da su duka, har buhun hatsi da randa, domin feshin da ya sauka a kan kujera ko atamfa ba ya wankuwa har abada.

Shekarun baya an kira ni in duba wani ɗakin kaji a hanyar Mirriya, wata biyu bayan an fesa masa kumfa. Tun daga bakin ƙofa wani ƙarni ya tare ni, irin na kifin da ya kwana a rana. Na hau tsani na danna da yatsa. A wani wurin ta lotsa ta manne min kamar ɗanyen ƙaro, a wani wurin ta ruguje ta zubo kamar gari. Na sa wuƙa na yanko inda ta fi kauri, sai ga cikinta ya yi ja-ja, kamar burodin da ya ƙone a tanda. Da na tambayi mai gadin wurin yadda aka yi aikin, ya ce wuta ta ɗauke sau biyu, aka tayar da wani ɗan ƙaramin inji aka ci gaba, kuma da azahar tsaka aka yi, don masu aikin suna sauri su kama hanya.

Duk abin da na taɓa a rufin nan yana da dalilinsa. Inda ta yi danƙo tana wari, foliyol ne ya yi yawa, ƙarnin kuma na maganin saurin kamawa ne da bai sami abokin haɗuwa ba. Inda ta ruguje, isosayanet ne ya rinjaya. Inda ta ƙone, an jibga ta ne da kauri a tashi ɗaya. Irin kumfar nan mai tauri ba a wuce kamar santimita 5 a shafe ɗaya, sai a bari ta huce a ƙara, domin zafin da take yi a cikinta yana iya kaiwa ta kama wuta da kanta bayan kowa ya watse. Kwano kuma a Afrilu da azahar, lokacin da ma'aunin zafi a inuwa ya haura digiri 40, ba ya taɓuwa da hannu, kumfa ba ta kama shi yadda ya kamata. Aikin asuba ne. Kuma irin wannan ɓarna ba ta da magani: ba turare, ba fenti, ba jira. Sai kankarewa. Mai kajin ya kwashe makonni ana kankara, daga ƙarshe wasu kwanukan cire su aka yi aka zubar, kuɗin gyaran ya wuce kuɗin aikin. Lambar wayar masu feshin kuwa ta daina shiga.

Don haka idan mutumin ya dawo, ka ba shi ruwa, ku zauna, ka tambaye shi a natse. Ya kai ka gidan da ya fesa wanda ya ga bazara aƙalla ɗaya, ka gana da mai gidan ba a gabansa ba. Hoton waya kowa na iya saukowa da shi daga intanet. Ya gaya maka inda ya koyi aikin da wanda ya koya masa. A ƙasashen Tarayyar Turai, tun 24 ga Agusta 2023 doka ta hana kowane ma'aikaci taɓa irin wannan sinadari sai ya yi horo a kai, ka ga ba abin da ake koya da kallo ba ne. Ya nuna maka takardun kayan guda biyu, ta bayanin yadda ake aiki da su, da ta haɗarinsu, wadda masu Faransanci ke kira FDS. A ciki za ka ga awannin da za a jira kafin a koma ɗaki, da kaurin da aka yarda a fesa. Ka samu ɗan lakwal ya karanta maka in da hali. Sannan ka je ka ga tanonin da idonka, da tambarinsu da ranar da aka yi su. Kayan nan suna da wa'adi na watanni, kuma inuwa mai sanyi suke so. Tanon da ya yi mako uku a bayan mota yana shan rana a bakin iyaka ba shi ne wanda ya bar masana'anta ba.

Ka tambaye shi wace iri zai fesa, don iri biyu ce. Akwai mai laushi, marar nauyi, wajen kilo 8 zuwa 10 a kowace mita kubik, tana shan ruwa kamar soson wanka. Akwai mai tauri, wajen kilo 30 zuwa 40, ba ta barin ruwa ya ratsa, kuma a kauri ɗaya ta fi tare zafi nesa ba kusa ba. A ƙarƙashin kwano mai taurin ake so. A nan ne ake cutar mutane, a karɓi kuɗin wannan a fesa waccan, ko a yi alkawarin santimita 5 a shafa 2. Kai ɗan kasuwa ne, lissafin ba zai ba ka wuya ba. In rufinka murabba'in mita 100 ne, kauri santimita 5, ka sami mita kubik 5. Ka ninka da kilo 35, ya ba ka kilo 175, kuma da lanƙwasar kwano da abin da iska ke ɗauka sai ya haura 200. Wanda ya zo maka da jarka biyu a bayan babur ya riga ya ba ka amsa. Bayan aiki ka ɗauki ƙusa doguwa ka soka a wurare goma da ka zaɓa da kanka, ka auna. A rubuta kaurin a takarda tun farko, da sharaɗin cewa in ta yi wari shi zai kankare da kuɗinsa, a gaban shaidu, kuma kaso mai tsoka na kuɗin ya zauna a hannunka sai bayan mako biyu.

Ka duba kuma abin da zai sa a jikinsa da na yaransa. Mai feshi a cikin ɗaki da babban inji, rigar leda yake sawa tun daga kai har ƙafa, da safar hannu, da abin rufe fuska gaba ɗaya wanda ake turo masa iska mai tsabta daga waje ta tiyo. In ka ga ya naɗa rawani a hanci ko ya sa ɗan takunkumin asibiti, to wanda bai ji tausayin huhunsa ba, ina zai ji na autarka? Ya zo da injin wutarsa mai ƙarfi, a ajiye shi waje nesa da taga. Mu da muka ga yadda aka yanke layin wutar Najeriya a Agustan 2023, muka san halin wutar lantarki a bazara ko ba a yanke layi ba, ba mu da hujjar jingina irin wannan aiki da wutar gari.

Saura maganar gobara, kuma kar ka bari ya wuce ta da cewa "an sa mata maganin wuta". An sa, amma maganin jinkirta kamawa yake yi kawai. Tushen kumfar man fetur ne, dangin abin da ake tacewa a matatar mai ta SORAZ, kuma in ta kama, hayaƙinta baƙi ƙirin ne mai ɗauke da gubar da ke kayar da mutum kafin harshen wuta ya iso shi. A birnin Shanghai na ƙasar Sin, ranar 15 ga Nuwamba 2010, tartsatsin masu walda ya kunna wuta a wani bene mai hawa 28 da ake manna wa irin wannan soso, mutum 58 suka rasu. Shi ya sa a ƙasashen da suka daɗe da ita ba a barinta tsirara a ɗakin da mutane ke zama, sai an rufe ta da allon jibsam mai kaurin wajen milimita 12 ko 13. Ka tuna gidajenmu: kaskon wuta a ɗakin tsohuwa lokacin hunturu, turaren wuta, maganin sauro, da wayoyin lantarki da ake ja yadda aka ga dama a jikin katako. Wayoyin a sa su cikin bututu kafin feshi, kar a binne su a kumfa su riƙa zafi a ɓoye. Duk wata walda a rufin a gama ta tukuna. Ka ga ke nan silin ɗin da kake son tsallakewa yana nan yana jiranka, kumfa ƙari ce a kansa.

Haka kuma duk inda rufin ke yoyo a gyara kafin a fesa, a goge ƙurar hunturu da tsatsa. Kumfa tana rufe ido: ruwa zai kwanta tsakaninta da katako ba ka sani ba, gara ta yi hanyarta ta ciki ba ka gani. A Ingila ma bankuna da dama sun ƙi ba da bashin sayen gidajen da aka fesa wa rufi, saboda mai dubawa ba ya iya ganin halin da katakon ke ciki.

Ni kuwa da gidana ne, ba da kumfa zan fara ba. Ita tare zafi take yi ta kowane ɓangare. Da rana ta hana na kwano saukowa, da dare kuma ta hana wanda bulo ya sha tun safe ficewa ta sama, alhali kwano tsirara bayan isha'i ya huce. Ta fi biyan kuɗinta a ɗakin da ake kunna na'urar sanyaya ɗaki, ko ɗakin ajiyar kifi da magani. Ka fara da ɗakin Hajiya kaɗai: a shafa wa kwanon farin fenti ta sama, a sa silin da tazara mai kyau tsakaninsa da kwano, a huda kafofin iska a bango sama da silin ta ɓangare biyu a rufe su da raga saboda jemage, a kafa rumfar zana ta yamma don rana ta daina dukan bangon da la'asar. Ka shiga wani tsohon soro a unguwar Birni da azahar ka ji yadda kaurin ƙasa da tsawon rufi ke aiki, ba inji ba sinadari. In ka yi waɗannan bazara ta zo ba ka gamsu ba, silin na buɗuwa, a fesa daga baya da mutumin da ya ci jarrabawar da na lissafa maka.

Tambaya: Baba, ina wuni. Ni yaron mai feshin kumfa ne, wata bakwai ke nan ina riƙe masa tiyo ina wanke bindiga. Yanzu da daddare tari ke tashe ni, ƙirjina na kuka, amma in na je gida Magariya na kwana biyu sai in ji garau. Maigidana ya ce sanyi ne, in riƙa shan madara bayan aiki. Wani lokacin kuma in na kalli fitila sai in ga shuɗin hazo ya zagaye ta.

*Wani matashi daga Sabon Gari*

Amsa: Lafiya lau ɗana, Allah ya ba ka lafiya. Ba sanyi ba ne da alama, kuma madara ciki take zuwa, ba ta san hanyar huhu ba. Abin da ka faɗa, tari da dare, sauƙi in ka bar wurin aiki, komawa in ka dawo, shi ne ainihin yadda fukar isosayanet ke nuna kanta. Sau da yawa ba ta kama mutum a lokacin feshin, sai bayan awanni, shi ya sa ake ɗora laifin a kan sanyin dare. Shuɗin hazon kuwa tururin ɗaya tanon ne ke taɓa idonka. Shi yakan washe bayan awanni, amma shaida ce cewa iskar da kake ciki ta ƙazantu.

Ka dakata da aikin daga yau, ka je asibiti. Ka ɗauki hoton tambarin tanonin biyu a wayarka ka nuna wa likita, ka gaya masa watannin da ka yi da yadda kake warwarewa a Magariya, don kar a ba ka maganin mura a sallame ka. In ya tabbatar jikinka ya ƙi sinadarin, to ba komawa, ko da an saya maka abin rufe fuska mai tsada. Wanda ya bari da wuri ya fi samun sauƙi, wanda ya daure don kuɗin yini yana iya ɗaukar fukar har tsufa. Ka kiyayi fentin mota ma, irin mai haɗi biyu, don galibi akwai dangin sinadarin a ciki. Na san barin abin da ake ci da shi ba wasa ba ne a wannan zamani, amma mai hannun da ya iya kwance bindigar feshi ya mayar ba zai rasa wurin zama a wajen masu gyaran famfo ko masu lantarki ba. Kuma ka gaya wa wanda zai gaje ka kar ya wanke bindiga da hannu tsirara, ta fata ma abin yana shiga. In ya fantsama a ido, ruwa mai tsabta za a yi ta zubawa minti 15 kafin a nufi asibiti. In dare ya yi numfashi ya gagara har magana ta yi wuya, kar a jira gari ya waye.

Tambaya: Malam, an yi feshin kumfa a shagon maƙwabcinmu, masu aikin suka bar tano biyu, ja da shuɗi, sababbi fil. Ya ce in ɗauka in riƙa tara ruwa. Ka san halin ruwa a garin nan. In na wanke da omo da toka sau uku, ya yi?

*Wata uwar gida daga Zango*

Amsa: Hajiya, na san halin ruwa, ni ma na bi mai kura da kuɗi a hannu ya ce an riga ni. Amma waɗannan ki bar su. Abin da ya saura a gindinsu omo ba ya fitar da shi. Ɗaya yana da maganin hana kama wuta da wasu sinadarai da ba a yi su don ciki ba. Ɗayan kuma in ruwa ya shiga sai su yi faɗa, ya yi ɓawo a ciki yana fitar da iska, in an ɗaure murfin tam tanon ya kumbura, yana iya fashewa a tsakar gida. Kar ki dogara da launi ko harafin da aka rubuta don gane wanne ne wanne, domin abin da Amurkawa ke rubuta wa A, Turawan Turai B suke sa masa.

Ba na sha ba, ba na wanka ba, ba na dabbobi ba. Kar kuma a kai wa maƙeri ya yanka da wuta don murhu ko ƙyauren gida, tururin da zai tashi shi zai fara shaƙa. Ki ce wa maƙwabcin ya kira masu aikin su zo su kwashe kayansu, nasu ne. Kafin su zo a ajiye su a inuwa inda ruwan sama ba zai shiga ba, nesa da yara, don na ga yadda ƴan unguwa ke mayar da tano ganga da zarar babba ya juya baya.